Lissafin Ƙarshen Shekara a Kan Littafin da Ya Ƙi Ƙarewa

Muna taya kowa murnar ganin wannan shekara, da fatan Allah ya sa mun shige ta da ƙafar dama, ya kuma jiƙan waɗanda muka fara ta bara tare da su amma ba su ga ƙarshenta ba.

Mu mutane ne masu sabuwar shekara biyu. Ta Muharram ita ce ta addininmu, a cikinta ake azumin Tasu'a da Ashura, a cika ciki da dare. Ta Janairu kuwa ta ofis ce da makarantar boko da kuɗin haya, kuma da yake aikinmu magatakarda ne, ita ce take tilasta mana zama mu yi lissafi. A daren 31 ga Disamba, lokacin da maƙwabtanmu Kirista na nan Kumasi suka cika majami'u suna jiran ƙarfe 12, yara kuma suna ta fasa nokawut a lunguna, mukan tura ƙofar zaure saboda ƙurar hunturu, mu ɗauko babban littafin Maigida mu ja layi a ƙarƙashin shekara. Shekara 23 ke nan muna wannan aiki a gaban dattijon da ke riƙe da al'amuran unguwarmu. Auren da aka ɗaura, da rigimar haya da aka sasanta, da gawar baƙon da aka yi karo-karo aka binne, da takardar da aka kai hukuma a kan kwata ko famfo, duk suna cikin wannan littafi da rubutun hannunmu. Bara kaɗai ya ci shafi 214.

A aljihun teburin kuwa akwai wani littafin da Maigida bai san da shi ba sai kwanan nan. Littattafan rubutu ne irin na 'yan makaranta guda 5 da muka ɗinke da zare, kuma a cikinsu akwai wata hikaya ta al'ajabi da muka fara shekara 14 da suka wuce. Shi ma mukan ƙidaya shi a wannan dare. Bara ya ƙaru da shafi 6, huɗu daga ciki ma gyaran abin da muka riga muka rubuta ne. A kansa muke so mu yi magana yau, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma muna zaton ba mu kaɗai ke da irin wannan aljihun tebur ba.

Asalin hikayar daga kakarmu ne, Allah ya gafarta mata. 'Yar Kete ce, zangon fatake da ke maƙale da Karachi, garin da ya cika da 'yan kasuwa bayan yaƙin basasar da ya watsa Salaga a 1892. A can Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1934. Sai aka gina madatsar ruwa ta Akosombo a zamanin Kwame Nkrumah, aka gama ta a 1965, ruwa ya taru a bayanta ya zama tafkin Volta, ya tashi mutane kimanin 80,000 daga garuruwansu aka sake musu matsuguni. Tsohon garin kakarmu yana cikin abin da ruwan ya ci. Ba mu taɓa ganinsa ba, domin an haife mu bayan ya nutse. Abin da muka gani, ranar da ta kai mu bakin tafkin muna yara, shi ne kawunan matattun itatuwa tsaye a cikin ruwa, ita kuma tana nuna wani wuri da sandarta, inda babu komai sai ruwa, tana cewa can ne ƙofar gidansu.

Daga wannan nuni hikayar ta tsiro. A cikinta garin bai mutu ba. Wasu tsofaffi sun ƙi hawa motocin kwashe jama'a, sai aljanun kogi suka ƙulla alkawari da su cewa za su kifa wa garin wata ƙubba ta iska, kasuwa ta ci gaba da ci, ladan ya ci gaba da kiran salla, da sharaɗin kada kowa ya fita, kuma kada baƙo ya shiga sai wanda ya zo da labarin da ba su taɓa ji ba. Bayan shekaru sai ga wani yaron masunta, irin yaran nan da ake sa su nutso su kwance raga in ta sarƙe a kututturen itace, aikin da ya ci rayukan yara a wannan tafki. Ya nutsa, numfashinsa ya kusa ƙarewa, sai ya hangi haske, ya bi shi, ya tsinci kansa a busasshiyar ƙasa a gaban ƙofar gari. Cikin shekara 3 na farko muka kai shi ƙofar. Tun daga nan yana tsaye a wurin, hannunsa a ɗage zai ƙwanƙwasa, shekara 11 cur. Mun sake launin ƙofar, mun sauya sunan mai gadinta sau uku, mun yi wa aljanu sarauta da tarihi da jerin kakanni, amma ba mu buɗe ba.

Hujja ta farko da muka daɗe muna fakewa da ita ta addini ce. Mun tashi a makarantar allo, muka wuce ta zaure, kuma kunnenmu ya saba da cewa tatsuniya ta mata ce da yara, da dare ake yinta, wanda ya yi ta da rana ma an ce zai ɓata a hanya. A ce namiji mai gemu, wanda ya karanta Risala, ya zauna yana ƙaga aljanu, ai abin a rufe ƙofa ne. Wata rana muka kai kukan wurin malaminmu, muka yi ta kewaye-kewaye, muka ce wani abokinmu ne ke tambaya. Ya yi murmushi ya ce, "Kai da abokin naka, wane littafin lugga kuka karanta a gabana?" Muka ce, "Muƙamar Hariri, Allah gafarta Malam." Ya ce, "To, duk dabarun da Abu Zaidu ya yi a cikinta, wa ya shaida su a gaban alƙali?" Nan take muka gane inda ya dosa. Hariri na Basra, wanda ya rasu a 1122, ya tsara muƙama 50 a bakin Abu Zaidu, kuma shi da kansa a gabatarwar littafin ya kare abin da ya yi da cewa ɗan'uwan labaran nan ne da ake sawa a bakin dabbobi don koyarwa. Malamanmu suka karɓi littafin suka mai da shi tsanin koyon Larabci, ƙarni bayan ƙarni. Malam ya ƙara da cewa ƙarya ita ce ka faɗa wa mutum abin da ba haka ba don ya ɗauka haka ne, amma wanda ya fara da "ga ta nan, ga ta nanku" ya riga ya sanar da kowa irin ɗakin da za a shiga. Wannan hujja ta faɗi tun shekara 9 da suka wuce, ƙofar kuwa ba ta buɗu ba.

Hujja ta biyu ba mu taɓa faɗa wa kowa ita ba, domin ta fi ban kunya. Hausarmu ta zango ba irin ta Kano ba ce. Da yawa daga cikinmu ba sa rarrabe namiji da mace a magana, sai ka ji an ce "yarinya ya zo", haruffan nan masu lanƙwasa sun narke a baki, ga kalmomin Tuwi da na Turanci sun shigo sun kama ɗaki. Mu da muka koyi Hausar littafi daga rediyo da Magana Jari Ce, duk lokacin da yaron hikayar zai buɗe baki sai hannunmu ya tsaya. In muka sa masa Hausar Abubakar Imam, ya tashi daga yaron tafkin Volta. In muka bar shi da tasa, sai mu ji kamar wani a Kano yana karantawa yana riƙe ciki don dariya. Saboda haka muka bar shi bebe a bakin ƙofa.

Hujja ta uku ita muka fi ƙauna, domin akwai gaskiya a cikinta: babu lokaci. Zauren magatakarda ba ya rufuwa. Da zarar mun buɗe littafin sai sallama. Wannan yana son a cika masa takardar asibiti, wancan ɗansa yana hannun 'yan sanda yana neman mai Turanci, waccan an yi mata rasuwa a Tamale tana son a rubuta sanarwa. Mukan tuna cewa a 1936 an ɗauke wa Abubakar Imam aikin koyarwa aka kai shi Zariya, cikin wata 6 ya rubuta Magana Jari Ce juzu'i uku, sai mu ce da mu ma za a ba mu wata 6 babu sallama, da duniya ta ga aiki.

A watan Yulin bara wata 'yar ƙanenmu da ke karatu a jami'a ta kawo mana wani ɗan gajeren labari na Turanci, ta ce, "Baba, wannan kai aka rubuta." Turancinmu na wasiƙar ofis ne, sai da muka kwana huɗu da ƙamus kafin mu kai ƙarshe. Marubucin shi ne J.R.R. Tolkien, mutumin Ingila, wanda yaranmu suka fi sani ta finafinan The Lord of the Rings, kuma da yawa suna ɗaukarsa uban labaran al'ajabi na zamani a Turanci. Da muka nemi sanin rayuwarsa, sai muka tarar da mutumin da ya fi mu sanin ciwon littafin da ya ƙi ƙarewa.

An haife shi a Afirka ta Kudu ranar 3 ga Janairun 1892, shekarar da Salaga ta watse, kuma har yau masoyansa da tunawa da shi suke buɗe shekara. Maraya ya tashi, uwa da uba duk sun rasu kafin ya cika shekara 13. Ya yi yaƙin duniya na farko a Faransa a 1916, ya dawo da zazzaɓi, kuma a lokacin jinya ya fara rubuta tatsuniyoyin duniyar da ya ƙaga. Ya zama farfesan tsohon Turanci a Oksfod, yana da 'ya'ya huɗu, albashi ba ya isa, sai ya riƙa karɓar aikin duba takardun jarrabawa a lokacin hutu. A kan wata takardar da ɗalibi ya bari babu rubutu ya rubuta jimlar farko ta The Hobbit, wanda ya fito a 1937. Masu buga littafin suka nemi ci gaba, ya fara a Disambar wannan shekarar, yana zaton abu ne na ɗan lokaci. Sai a 1949 ya gama, shekara 12, kuma a tsakani akwai lokacin da ya ajiye matafiyansa a gaban wani kabari a cikin kogon dutse kusan shekara guda bai san inda zai kai su ba. Da hannunsa ya buga rubutun a keken rubutu, domin ba shi da kuɗin biyan mai bugawa. Littafin bai fito ba sai a 1954 da 1955.

Abin da ya fara kama mu a tarihinsa shi ne dalilin da ya sa ya yi labaran. Tun yana saurayi yake ƙirƙirar harsuna, da nahawunsu da sautinsu, ɗaya ya ɗauko ƙamshin harshen mutanen Finland, ɗaya na mutanen Wales. Ya faɗa a wasiƙunsa cewa harsunan ne suka riga, labaran kuma ya yi su ne don harsunan su sami duniyar da za su zauna a ciki. Har ya ce harsunan da aka ƙaga don duniya ta yi magana da su, irin Esperanto, ba su da rai, saboda masu ƙagarsu ba su ƙaga musu tatsuniyoyi ba. Wannan magana ta hana mu barci. Mu harshen muka gada kyauta, Allah ya ba shi ƙafa har ya zama na ciniki da sasanta baƙi a kowane zango na ƙasar nan, daga Nima zuwa Bawku. Amma wane labari ne ke zaune a cikinsa a gidajenmu? Kwanakin baya muka tambayi jikanmu mai shekara 9 sunan matar Gizo. Ya san Ananse sarai, an koya musu a makaranta, ya san sunan kowane jarumi a finafinan wayar uwarsa, amma bai taɓa jin Ƙoƙi ba. Hausa yake ji, da ita ake aikensa sayen koko da ƙosai, da ita ake yi masa faɗa. Da ita dai ba a taɓa sa shi ya riƙe numfashi yana jiran abin da zai faru ba. Harshen da yaro bai taɓa jin daɗi a cikinsa ba, ba mu ga dalilin da zai sa ya wahala ya miƙa wa nasa ɗan ba.

Shi ɗan labarin da aka kawo mana sunansa Leaf by Niggle, an buga shi a Janairun 1945, kuma Tolkien ya rubuta shi ne yana cikin tsoron ba zai taɓa gama babban littafinsa ba. Labarin wani mai zane ne, Niggle, wanda ya fi iya zana ganye ɗaya-ɗaya da kyau, amma burinsa ya zana itace guda cikakke, da tsuntsaye a rassansa da duwatsu a bayansa. Ya san akwai wata doguwar tafiya da ke jiransa, wadda ba makawa sai ya yi. Ga kuma maƙwabcinsa Parish, gurgu, mai lambu, wanda bai ɗauki zanen a bakin komai ba, kullum yana tafe da bukata. Wata rana matar Parish ta kwanta rashin lafiya, rufin ɗakinsu yana yoyo, Niggle ya hau keke cikin ruwan sama ya je kiran likita yana ta gunaguni a zuci, ya dawo shi ma ya kwanta. Kafin ya koma kan zanen, mai ɗaukarsa tafiya ya iso. Da muka kai nan sai muka ajiye littafin muka ce wallahi haka ne, ga wanda ya san halin da muke ciki.

Amma labarin bai tsaya nan ba. Bayan tafiyar da wata doguwar wahala, Niggle ya isa wata ƙasa ya tarar da itacensa a tsaye, rayayye, kowane ganye da ya zana da wanda ya yi niyya bai kai ga zanawa ba duk suna nan. Sai dai ƙasar da ke kewaye da itacen tana bukatar aiki, shi kuwa bai san ƙasa da shuka ba. Wanda ya sani shi ne Parish. Tare suka gyara wurin, kuma a ƙarshe da sunansu su biyu aka kira shi. Tolkien Kirista ne mai riƙo da addininsa, kuma da idon addininsa ya zana abin da ke bayan mutuwa, wannan nasa ne. Mu abin da ya tsaya mana a wuya shi ne Parish. Mun karanta, mun ga hikimar, amma a zuci mun ce wannan lallashi ne kawai irin na marubuta.

Sai daren 31 ga Disamba. Muna kaɗa babban littafin don mu fitar da rasit da guntayen takardu, sai wasu shafuka 9 da aka ninke suka faɗo. Mun gane su. A watan Afrilu wata tsohuwa ta zo, ta haura shekara 80, jikarta na riƙe da hannunta. Tana so a rubuta wa jikanta da ke Italiya wasiƙa. Muka ce, "Mma, ai yanzu murya ake aikawa ta waya." Ta ce waya tana faɗawa ruwa, ita takarda take so. Ranar muna da niyyar komawa kan hikayar bayan La'asar, saboda haka muka ɗauki alƙalami muna satar kallon agogo. Ba kuɗi take nema a wurinsa ba, ba kuma ƙorafi ta kawo ba. So take ya san inda ya fito. Ashe 'yar Kete ce, tana budurwa aka kwashe su.

Ta fara daga ƙofar gidansu ta bi layi gida-gida. Ta faɗi inda rumfar 'yan goro take, da yadda mata ke yayyafa wa ganyen huhu ruwa da sassafe, da rijiyar da ruwanta ke da ɗaci wadda ba a sha sai wanki, da Bayarbiyar da ke sayar da atamfa bashi ba ta taɓa rubutawa ba kuma ba ta taɓa mantawa ba, da wani makaho a ƙofar masallaci da ke gane kowa da ƙarar takalminsa. Ta ce kakanta jagaba ne a ayari, ta yi ta ambaton madugu da uban dawaki da mangala, kalmomin da rabonmu da jinsu tun rasuwar kakarmu. Da muka ga abin ba zai ƙare ba muka ce, "Mma, a taƙaita, wasiƙa ba ta son tsawo." Ta dube mu ta ce, "Ɗana, taƙaitawar da ruwa ya yi mana ta isa. Kai dai rubuta." Muka rubuta, domin hannu ya saba. Amma da ta tafi muka yi abin da magatakarda ke yi: muka tace, muka zubar da rijiyar da makahon da Bayarbiyar, muka mai da shafi 9 shafi 2 masu tsabta, muka aika. A watan Satumba ta rasu, kuma da hannunmu muka shigar da rasuwarta a littafin, layi ɗaya.

Muka zauna da shafukan nan har hayaniyar ƙarfe 12 ta tashi ta lafa. Shekara 11 muna cewa ba mu san abin da ke bayan ƙofar garin ba, ashe an zo har zaure an yi mana shiftarsa layi-layi, muna kallon agogo don mu koma mu ƙaga shi. Kuma abin da muka yanke daga wasiƙarta amana ce, ba mu da ikon yanke shi. Washegari abin da muka fara yi shi ne kwafe shafukan 9 cif, yadda ta faɗa, da Hausarta, muka miƙa wa jikar ta aika wa ɗan'uwanta tare da neman afuwarmu.

A daren kuwa, kafin mu kwanta, yaron ya ƙwanƙwasa. Tsohuwa ce ta buɗe masa. Ya yi gaisuwa da Hausarsa ta zango, mutanen gari suka kewaye shi suna dariya, suna tambayar wane irin Bahaushe ne wannan da bai san mace ba bai san namiji ba, shi kuma ya kasa gane rabin abin da suke faɗa, domin tasu Hausar ta tsaya a ranar da ruwa ya rufe su. Abin da ya hana mu rubutu shekara da shekaru ya zama shi ne babin da ya fi rai. Sai aka zo kan sharaɗi: ina labarin da ba su taɓa ji ba? Mun ɓata shekaru muna neman wani labari mai ban mamaki da za mu sa a bakinsa, na dodanni ko na taurari. Ashe abin da mutanen ƙarƙashin ruwa ba su taɓa ji ba, kuma suke ƙishirwar ji, shi ne abin da ya sami waɗanda suka hau motocin. Ina suka sauka, wa ya auri wa, wa ya yi arziki, wa ya mutu a baƙon gari, da wane harshe jikokinsu ke mafarki. Wannan kuwa shi ne abin da muke rubutawa da rana shekara 23, muna ganinsa kishiyar hikayar. Ba za mu tona asirin kowa ba, sunaye da sirrin gidaje suna nan a inda aka ba mu ajiyarsu. Amma yadda uwa ke magana in ɗanta ya yi shekara bakwai bai aiko ba, da yadda dattijo ke yin shiru kafin ya raba gardama, a wurin masu katse mu muka koye su.

Saura abin da za mu yi da wannan shekara. Abu biyu muka aro. Na farko daga Tolkien: bai yi aikinsa shi kaɗai a rufe ba. Yana da abokai a Oksfod da suke taruwa daren Alhamis ana karanta abin da kowa ya rubuta, kuma ya shaida cewa ƙarfafawar abokinsa C.S. Lewis ce ta sa ya kai ƙarshe. A 1944 ma babi-babi ya riƙa aika wa ɗansa Christopher, wanda ke horon sojan sama a Afirka ta Kudu, domin akwai mai jira. Namu littafin ya yi shekara 14 babu mai jiransa, shi ya sa bai ji kunyar tsayawa ba. Na biyu daga Isabel Allende, marubuciyar ƙasar Chile. Ranar 8 ga Janairun 1981, tana gudun hijira a Venezuela, ta fara rubuta wa kakanta da ke gargarar mutuwa wasiƙa, wasiƙar ta yi ta tsawo har ta zama littafinta na farko, mai cike da ruhohi da tarihin danginta. Tun daga nan ranar 8 ga Janairu take fara kowane sabon littafi. Ta yanka wa kanta rana, ranar kuma ba ta tambayar ko mutum ya shirya.

Saboda haka muka tattara ƙarfin hali muka nuna wa Maigida littafin. Ya juya shi a hannu ya ce, "Ashe shi ya sa fitilarka ba ta mutuwa da wuri. To, in ka kai kan sarkin aljanu, kada ka sa ya yi kama da ni." Sa'an nan ya ba mu aron zauren kowane daren Alhamis bayan Isha'i, tun da ranar babu makarantar allo. Alkawarinmu shafi ɗaya bayan sallar Asuba, kafin sallamar farko, a karanta wa yara abin da ya taru a ƙarshen mako. In aka yi sallama muna tsakiyar jimla za mu tashi, kuma za mu yi ƙoƙari mu daina kallon agogo. Ba mu ce za mu gama bana ba. Tolkien da kansa ya rasu a 1973 bai gama The Silmarillion ba, littafin da ya fara tun yana soja, sai ɗansa ne ya tattara shi ya fitar a 1977. Mun haura hamsin, gobe kuwa ta Allah ce, don haka a bangon littafin mun rubuta sunan wadda za ta ɗauka in tafiyarmu ta riga.

Alhamis ɗin da ta wuce muka yi zaman farko. Yara 7 suka zo, biyu suka yi barci, ɗaya ya yi ta tambayar ma'anar ƙubba. Jikanmu kuwa da muka tsaya a inda tsohuwar ta ɗora hannu a kan sakata, sai ya ce, "Kaka, sai me ya faru?" Da Hausa ya tambaya.

Roƙonmu gare ku, 'yan'uwa, duk mai tsoho ko tsohuwa a gida da ya ga Kete kafin ruwa, ko ya ji labarin Salaga daga bakin iyayensa, ya zauna da shi a wannan wata da takarda ko da waya, ya bar shi ya yi magana iyakar son ransa, kada ya ce masa a taƙaita. Mai 'ya'ya a kusa da mu kuma ya turo su daren Alhamis, zauren yana da faɗi. Allah ya jiƙan Mma da kakarmu da dukan magabatanmu, ya yi wa shekarar albarka, ya sa mu gama da duniya lafiya.